Buhun Gero da Tuwon Dare: Amsar Wasiƙunku kan Bitamin D da Ƙoda

Tun da masu kemis suka fara jera kwalaben bitamin D kusa da farasitamol, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kansa suka yawaita. Na ware shida a wannan watan. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba, sai garin da aka rubuto kawai.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon ƙoda, shekara guda ke nan ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Cikin magungunansa akwai wani ɗan mitsitsin kafso, an rubuta Calcitriol 0.25 a jikin kwalin. Ga tsada ga wuyar samu, sai na yi sautu daga Kano. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ai bitamin D ne kawai, ya nuna mini wani mai lamba 1000 mai araha, ya ce mai dubu ai ya fi wanda bai kai ɗaya ba. In canza masa? Daga wani ɗa a Gashuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya biya ka ɗawainiyar da kake yi. Kada ka canza masa.

Mai kemis ɗinku bai yi ƙarya ba da ya ce dangin bitamin D ne, sai dai ya haɗa awo biyu da ba mudunsu ɗaya ba. Dubun nan da ya nuna maka ma'auni ne da ake rubutawa IU, kuma arba'in ɗinsa ke yin maikirogiram ɗaya, wato dubu ta tashi maikirogiram 25. Na Baba kuwa kwatan maikirogiram ɗaya ne. Ka ga a nauyi na mai kemis ya ninka shi sau ɗari. Amma a jikin mutumin da ƙodarsa ta gaza, ɗan kwatan nan shi ne mai tashi ya kama aiki yau, maikirogiram 25 ɗin kuwa sai ya jira ƙoda ta taɓa shi tukuna.

Ni 'yar manomi ce, da gero nake gane wannan al'amari, kuma da shi nake yi wa ɗalibaina bayani. Akwai wani maiƙo a cikin fatarmu, ɗan'uwan kolestarol ne, wanda in wani kaso na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kansa sai ya rikiɗe ya zama bitamin D3. Shi ne dai wanda ke cikin kifi mai maiƙo, da gwaiduwar ƙwai, da kwalbar mai kemis. Wannan damin gero ne da aka ɗauko daga gona. Ba wanda zai ci dami. Jini ya kwashe shi ya kai hanta, hanta ta sussuke ta sheƙe, ta mai da shi tsaba. Tsabar nan ita ce ake rubuta wa 25-OH D a takardar awon jini, tana kuma daɗewa tana yawo a jiki, sai an yi mako biyu zuwa uku kafin rabinta ya ƙare. Buhu ke nan a ɗakin ajiya. Har yanzu dai ba a ci abinci ba. Sai ƙoda ta zo kamar uwargida da kwanon awonta, ta ɗebi daidai na yau, ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa. Tuwon da ta sauke shi ne kalsitirayol, wanda aka rubuta Calcitriol a kwalin Baba. Shi kuma kamar kowane tuwo ba ya ajiyuwa, cikin 'yan sa'o'i rabinsa ya tafi, kuma yawansa a jini bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na tsabar ba.

Uwargidan nan ba da ka take awo ba, aike ake yi mata. A wuyanmu, bayan halittar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙululu guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, ana ce musu faratayirod. Aikinsu dare da rana ɗanɗana jini su ji ko kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya yi ƙasa. Da ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari mai suna PTH, ya je ya gaya wa ƙoda a ƙara tuwo. Ƙashi ma yana da nasa ɗan aiken, FGF23, wanda ke cewa a rage in sinadarin fosfet ya yi yawa. Kalsitirayol kansa in ya wadata yakan sa ƙoda ta dakata, ta shiga rusa rarar. Abin da ake haɗawa a wata gaɓa, a auna shi daidai bukata, a tura shi ta jini ya je ya ba wata gaɓa umarni, shi likitoci ke kira homon, kamar insulin. Saboda haka sunan bitamin da ya bi shi gadon tarihi ne kawai. A 1922 wani Ba'amurke, Elmer McCollum, ya gano cewa abin da ke warkar da laushin ƙashi a man hantar kifi ba bitamin A ba ne, ya sa masa harafi na huɗu, D. Sai a 1970 wasu masu bincike biyu, Fraser da Kodicek, suka nuna a Kambirij ta Ingila cewa ƙoda ce ke yin aikin ƙarshe, a 1971 kuma aka tantance surar sinadarin, ciki har da ɗakin binciken Hector DeLuca a jihar Wiskonsin. Kafin nan likitoci suna kallon ƙashin masu ciwon ƙoda yana lalacewa, suna ɗura musu bitamin D mai ɗimbin yawa, suna mamakin ƙarancin amfaninsa.

Babban aikin kalsitirayol a hanji yake. Yana shiga cikin ƙwayoyin halittar bangon hanji ya sa su ƙera ƙofofin da kalsiyam ke bi ya shiga jini. In babu shi, cikin kalsiyam ɗin da mutum ya ci, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke shiga, sauran ya bi bayan gida. In yana nan yadda ya kamata, sai ya kai kashi 30 zuwa 40.

To duba halin da Baba ke ciki. Mai tuƙin ce ta kwanta ciwo. Kalsitirayol ya ragu, kalsiyam ya yi ƙasa, fosfet kuma ya taru domin ƙodar da ke zubar da shi a fitsari ta gaza. 'Yan ƙululun wuya suna ta aike ba amsa, sai su ƙara girma su ƙara ihu, PTH ya koma yana yagar kalsiyam daga ƙashi don ya cike gurbin. Daga nan ciwon ƙashi ke fitowa, da karaya ba wata faɗuwar kirki, da ƙaiƙayin nan mai hana masu wankin ƙoda barci. Injin wankin ƙoda yana tace dattin jini, amma ba ya tuƙa wannan tuwon. Shi ya sa aka ba Baba dafaffe daga waje, don a kwantar da 'yan ƙululun. In ka musanya shi da na mai kemis, ka ƙara buhu ne a gidan da ba mai ɗora tukunya.

Ba kowane mai ciwon ƙoda ake ba wa kalsitirayol ba, ya danganta da awon PTH da kalsiyam da fosfet, kuma wani lokaci likita kan haɗa wa mutum har da bitamin D na yau da kullum in ajiyarsa ta yi ƙasa. Abin da zan ce ka yi shi ne, ranar wanki mai zuwa ka gaya wa likitansa maganar tsada ba kunya. Akwai wani ɗan'uwansa, Alfacalcidol, wanda an riga an yi masa aikin da ƙoda ke yi, hanta kawai yake jira ta ƙarasa, wataƙila ya fi sauƙin samu a wajenku. Likitan ne zai ce ko ya dace, shi zai kuma faɗi adadi. In an ba Baba ƙwayar kalsiyam aka ce ya sha tare da abinci, a tsakiyar cin abincin ake nufi, domin aikinta ta kama fosfet tun a hanji. Baƙin lemon kwalba kuma a nesanta shi da shi, fosfet ke ciki.

Tambaya: Likita, shekara biyu ina fama da ciwon jiki, musamman ƙugu da cinyoyi. In na zauna a tabarma sai na dafa bango nake tashi, alhali shekarata 34, 'ya'yana biyar. Na je ɗakin gwaje-gwaje da kaina na ce a auna mini bitamin D, suka ce akwai iri biyu, na zaɓi mai tsadar, 1,25, don ina ganin ya fi kyau. Ya fito lafiya lau, har ya ɗan haura. Da na kai wa likita sai ya ce ba shi ake bukata ba, in sake wani. Ba cin kuɗina ake so a yi ba kuwa? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, likitanki yana da gaskiya, kuɗin da ya tafi a banza na farkon ne. Wanda kika auna, 1,25, shi ne kalsitirayol ɗin da na gama bayani a sama, wato kin leƙa tukunya ne. Mace mai rufin asiri ko saura tiya ɗaya a buhu za ki tarar da tukunyarta tana tafasa da magariba, maƙwabta ba su san komai ba. Haka jiki yake. In ajiya ta yi ƙasa, kalsiyam ya fara ja baya, PTH ya tashi ya matsa wa ƙoda, ita kuma ta kankare ɗan abin da ya rage ta mai da shi kalsitirayol. Sai awo ya nuna daidai ko ma sama da daidai, alhali buhu ya kusa zama wayam. Mai son sanin ko gida na da abinci buhu yake ɗagawa, shi ne awon 25-OH D. In ya fito ƙasa da 12 a ma'aunin ng/mL, ko ƙasa da 30 a ma'aunin nmol/L, akwai ƙaranci na gaske. Daga 20 ng/mL, wato 50 nmol/L, ya ishi ƙashin yawancin mutane. Ki duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, domin na sha ganin mace ta shigo hankali tashe, ashe lambar wani ma'auni ta gwada da iyakar wani.

Awon 1,25 yana da ranarsa: mai ciwon ƙoda a wasu lokuta, mutumin da kalsiyam ɗinsa ya hau ba a san dalili ba, ko yaro mai laushin ƙashi irin na gado. Ke ba kya cikinsu bisa abin da kika rubuto.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki dafa bangon nan ne. Ciwon ƙugu da cinyoyi, da raunin tashi daga ƙasa ko hawa bene, da tafiya kamar ta agwagwa, a jikin macen da ta jera haihuwa da shayarwa, suna sa in yi tunanin laushin ƙashi na manya. Mutane kan yi dariya in na ce ana samun ƙarancin bitamin D a Kano, garin da rana ke narka kwalta. Amma ranar tana kan rufi ne. Gidajen yanzu an rufe tsakar gidan da kwano ko an yi falo a wurin, mace ta fito da hijabi har ƙasa ta shiga adaidaita, ta dawo. Kakata a tsakar gida take daka da ɗaurin ƙirji tun hantsi, ba ta taɓa jin sunan bitamin D ba kuma ba ta bukaci ji ba. Ba cewa nake a yar da sutura ba. Tsakar gida ko bayan ɗaki inda ba idon kowa ya wadatar, hannuwa da ƙafafu a buɗe, tsakanin hantsi da azahar, a mafi yawan kwanakin mako. Baƙar fata tana bukatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Rana kuma ba ta sa bitamin D ya yi wa mutum yawa, domin in ya isa fatar da kanta take lalata rarar.

Ki yi awon da ya ce, ki roƙi a haɗa da kalsiyam da ALP, wani sinadari a jini da ke hawa in ƙashi na laushi. In ƙaranci ne, D3 na yau da kullum zai ba ki, mai arahar nan, tunda ƙodarki lafiya take, ita za ta auna wa kanta.

Tambaya: Ɗana shekararsa uku da rabi, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, kuma abin ƙaruwa yake. Surukata ta ce don na tsayar da shi da wuri ne, wata ta ce gado ne zai miƙe. Ma'aikaciyar asibiti ta ce rashin bitamin D ne, in riƙa sa shi a rana. Likita, yaron nan daga shi sai gajeren wando yake yini a rana. Me ya rage? Daga wata uwa a Bukur.

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki an taɓa yin ta a kusa da ke, an kuma amsa ta da bincike. Amma bari in fara wanke ki a wurin surukarki: tsayar da yaro da wuri ba ya jawo wannan. Jarirai da yawa suna da 'yar ƙafar baka wadda kan miƙe da kanta wajen shekara biyu, daga nan ma wasu su ɗan yi gwame kafin ƙafar ta daidaita. Ƙafar baka mai ƙaruwa a shekara uku da rabi ba wannan ba ce, kuma ba a zauna jiranta.

Kama hannunsa ki duba wuyan hannun, ki ga ko ya yi faɗi kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. Ki shafa ƙirjinsa gefe da gefe, inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, ki ji ko akwai ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Ki tuna ko maɗigarsa ta yi jinkirin rufewa, ko yana yawan cewa ƙafa na ciwo ya zauna alhali sa'o'insa na gudu. Waɗannan alamun laushin ƙashi ne na yara. Hoton wuyan hannu da gwiwa, da awon jini na ALP, su ke tabbatarwa.

A Turai, a zamanin hayaƙin masana'antu, rashin rana ne ya jawo wannan ciwo, har wani likita a Balin ta Jamus, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara da hasken fitila mai UV a 1919. Littattafan da muka karanta a makarantar likitanci a kan wannan labari aka gina su, shi ya sa ma'aikaciyar ta ce miki rana. Amma likitoci a Jos sun ga abin da kika gani, yara a rana tun safe ga kuma ƙafa a lanƙwashe. Tom Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu ciwon, suka wallafa sakamakon a 1999. Sun tarar da cewa kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci kusan miligiram 200 ne a rana, abin da bai kai rabin bukatarsu ba. Yawancinsu ajiyar bitamin D ɗinsu ba ta yi mummunar faɗuwa ba, kalsitirayol ɗinsu kuwa a sama yake sosai. Ma'ana ƙoda tana ta aiki, ta buɗe wa hanji duk ƙofofi, amma ba kalsiyam ɗin da zai shigo. Aka raba su kashi uku na tsawon mako 24: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Cikin waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko a haɗe, kusan shida cikin goma sun warke ko sun kusa. Cikin masu bitamin D kaɗai, kusan biyu cikin goma. Daga baya a Jos ɗin dai aka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki.

Yanzu ki lissafa abin da ɗanki ya ci jiya. In koko ne da safe, tuwon masara da rana, tuwon masara da dare, to kin ga inda gizo ke saƙar. Masara da dawa da gero ba su da kalsiyam mai yawa, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji sha. Tun da aka yaye shi daga nono wataƙila bai sake samun madarar kirki ba. Yaro da ya wuce shekara ɗaya ana so ya sami sama da miligiram 500 a rana, ƙasa da 300 kuwa hanyar ciwo ce. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da kusan 300. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu a zuba a miya, da kuka, da zogale, da riɗi, duk suna taimakawa, kuma ba sai an je babban kanti ba.

Abinci rigakafi ne da tallafi, amma yaron da ƙafarsa ta riga ta lanƙwashe magani yake bukata na watanni, kalsiyam tare da bitamin D na yau da kullum, a hannun likitan yara. Kalsitirayol ba nasa ba ne, jikinsa ya riga ya tara shi fiye da kima. A shekarunsa, in aka yi maganin da kyau, ƙafa kan ci gaba da miƙewa da kanta yayin da yake girma, kaɗan ne ke kaiwa ga tiyata. In an yi watanni ba canji a hoto, sai a binciki irin na gado ko matsalar ƙoda. Ƙannensa kuma a duba su, tukunya ɗaya suke ci.

Tambaya: An yi wa matata aikin maƙoƙo. Kwana biyu bayan aikin ta fara jin bakinta da yatsunta suna zir-zir, hannunta ya ƙanƙame. Aka sa mata kalsiyam da Calcitriol. Ƙodarta lafiya lau, me ya haɗa ta da maganin masu ƙoda? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. 'Yan ƙululun nan huɗu a jikin maƙoƙon suke manne, wajen cire shi sukan bugu ko jinin da ke ciyar da su ya yanke. In suka yi shiru ba mai aika wa ƙoda, ita kuma ba ta ɗora tukunya sai an aiko, komai lafiyarta. Shi ya sa aka ba ta dafaffe. A yawancin mutane ƙululun kan farfaɗo cikin makonni ko 'yan watanni a janye maganin a hankali, kaɗan ne ke zama a kansa har abada. Kada ta daina da kanta don ta ji sauƙi, kuma in ƙanƙamewar ta dawo ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Tambaya: Ƙawata ta ce Calcitriol ya fi kowane bitamin D ƙarfi, shi take sha don ciwon gwiwa. Shekarata 61. In saya? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki saya, ita ma ƙawar taki ki ce ina gaishe ta, ta je a auna mata kalsiyam a wannan makon.

Ƙarfin nasa shi ne haɗarinsa. In kika sha D3, ƙodarki na tsaye a ƙofa tana tace adadin da zai zama mai aiki. In kika sha kalsitirayol kin tsallake mai gadin. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da 'ya'yanta suka kawo a kan cewa ta fara ruɗewar tsufa. Ba ta gane jikokinta sosai, ta yi kwana biyar ba bayan gida, ga ƙishirwa, buta ba ta rabuwa da hannunta saboda fitsari. Na ce a juye mini jakar magungunanta a kan tebur. Cikin ledar, tsakanin man zafi da carbi, ga kalsitirayol da wani mai kemis ya ba ta don ciwon gwiwa, ɗaya safe ɗaya rana ɗaya dare, ga kuma ƙwayar kalsiyam a kai. Awo ya nuna kalsiyam ya hau sosai, ƙodar ma ta fara taɓuwa. Muka tsayar da maganin, muka ɗaura ruwa, cikin kwanaki kaɗan ta dawo tana yi wa surukarta faɗa a kan gishirin miya, 'ya'yan suka ce lallai Inna ta warke. Gwiwar kuwa tana nan yadda take, domin zaizayar guringuntsi ce, ba abin da kalsitirayol zai yi mata.

Makiyayan Ajantina sun san wannan tun kafin a san sunan sinadarin. Akwai wani tsiro a fadamunsu, dangin gauta, mai ɗauke da kalsitirayol a ganyensa. Shanun da suka yawaita cinsa sai su rame, gaɓoɓinsu su sandare, in an yanka a tarar da jijiyoyin jini da zuciya sun yi tauri da kalsiyam.

Ko D3 ɗin ma ba alewa ba ne. Iyakar da aka sa wa babba mai sha da kansa ba tare da kulawar likita ba IU 4000 ne a rana. Mai lamba 50,000 ɗin nan da ake sayarwa na mako-mako ne, na wani ɗan lokaci, ga wanda awo ya nuna yana da ƙaranci.

Tambaya: Ina shan maganin tarin fuka wata na uku. Na ji an ce bitamin D na kashe ƙwayar cutar. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗana, maganar tana da tushe, amma an ja ta ta wuce inda ta tsaya. Gaskiya ne wasu sojojin jini masu haɗiye ƙwayar tarin fuka suna haɗa nasu kalsitirayol a cikinsu ba tare da ƙoda ba, su yi amfani da shi wajen ƙera wani sinadari mai yaƙar ƙwayar. An nuna haka a ɗakin bincike a 2006. Da aka fito da shi cikin mutane sai labari ya sha bamban. A Mongoliya an ba yara 'yan makaranta sama da 8,000 ko dai bitamin D ko ƙwayar da ba komai a ciki, kowane mako har shekara uku, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage kamuwa da cutar ba.

Akwai ma abin lura a wajenka. Su waɗannan sojojin ba sa jin umarnin PTH, ba mai ce musu ya isa, don haka wasu masu tarin fuka kalsiyam ɗinsu kan hau da kansa, ƙarin bitamin D mai yawa kuma sai ya tsananta abin. A ɗaya gefen, rifamfisin da ke cikin magungunanka, wanda ke sa fitsarinka ja, yana sa hanta ta rusa bitamin D da sauri, kamar yadda wasu magungunan farfaɗiya ke yi. Saboda haka wani mai tarin yana bukatar ƙari, wani kuma ƙarin zai cuce shi, awon jini ne ke rabewa. Ka tambayi inda kake karɓar magani. In kana son rana ka fita waje ka zauna, domin gilashin taga yana tare UVB, zafin kawai yake bari ya wuce. Saura wata uku a cikin wata shida na maganin, ka cika su ko da tarin ya ɗauke tun jiya.